Ƙwaryar da Ba a Wankewa

A gidan Kakata, wadda ta haifi uwata, akwai wata ƙwarya da ba a wankewa. Ni na wanke ta, da toka da yashi da sabulu, kuma har yau da kaina ya yi fari fat, in na tuna sai in ji kamar in ɗaga hannu in mari kaina.

Ƙauyenmu yana kusa da Ollelewa, a cikin Damargu. Shekarun nan ne na bayan samun mulkin kai, tun fari bai zo ya share garkunan mutane ba. Ina 'yar shekara tara uwata ta rasu. Aka kwaso kayan ɗakinta aka mayar gidan Kaka, ni kuma gwaggona ta tafi da ni Damagaram ta sa ni lakwal, wato makarantar boko. Sai damina ta faɗi, an ba mu hutu, sannan ake ɗora ni a bayan kamiyo, babbar motar kaya, bisa buhuna, in zo gida. Abin da zan faɗa ya faru ne a hutuna na huɗu.

Wanda ya san Damargu da rani kawai bai san ta ba. Ruwa biyu, uku, sai ƙasar ta canza kama. Ciyawa ta fito har bisa tuddan yashi, tafki ya kwanta inda jiya jakuna ke birgima, shamuwa su dawo bisa itacen da suka bari bara kamar da ma kasuwa suka je. Da hantsi gajimare kan taso daga gabas, farare, manya, suna tafiya a hankali, inuwarsu tana bin gonaki ɗaya bayan ɗaya. Nakan zauna bakin zana in bi inuwa guda da ido har ta haye gonar kawuna ta ɓace. Daga nesa a ji kukan maraƙi, ko amon taɓarya daga wani gida, sai kuma shiru. Yanzu in na waiwaya, duk kwanakin nan sun narke mini sun zama yini ɗaya mai tsawo, mai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da sabon nono.

A wannan shekara na tarar da Kaka kwance. Ƙafafunta sun kumbura, kuma ta daina cin abinci. Ba haɗiya ce ta gagare ta ba, so ne ba ta yi. A kawo kunu ta ce ya yi ruwa, a kawo fura ta ce ta yi kauri, a kawo tuwo ta dube shi ta ce a ba kaji. Kawu, ƙanen uwata, wanda gidan ke hannunsa, ya rame kamar shi ne majinyacin. Amma ciyawa tana cin gero, dole shi da matarsa su fita gona tun asuba, sai la'asar su dawo. Ni aka bar wa tsohuwa.

Da ma ni da ita ba ma rabuwa da tsiya, irin ta jika da kaka. Tun da na shiga lakwal ta daina kiran sunana, sai Madam.

"Madam, miƙo mini buta, in dai ba a hana ku taɓa buta ba a can."

"Sai kin ce mersi," in ce mata, wato godiya da Faransanci.

"Mersin gidanku. Miƙo."

Amma a ƙarƙashin wasan nan akwai abin da na riƙe ta da shi, kuma zan faɗe shi yadda yake. Na ɗauka ba ta son uwata. Uwata ce 'yar farinta, Kaka kuwa mutuniyar da ce, cikin masu kunyar ɗan fari da gaske. Ban taɓa jin sunan uwata a bakinta ba. "Waccan" take ce mata, ko "uwar yarinyar nan". Ranar da aka zo da labarin rasuwar, an ce tambaya ɗaya ta yi, ko an ba awaki ruwa. Ba wanda ya ga hawayenta. Kayan uwata kuwa ta sa aka rataye su cikin ragaya a kusurwar ɗakinta, ƙwarya bisa ƙwarya, ta hana kowa taɓawa, ita ma ba ta ɗaga ido ta dube su. Ko kwanciya za ta yi, baya take ba su. Kowa ya ce mini al'ada ce. Na ji, amma ban yafe ba, don ni so nake in ji wani ya ambaci sunan ko sau ɗaya.

Wata safiya Kawu ya leƙo gaishe ta, hauya a kafaɗa, sai ta ce, ko ido ba ta buɗe ba:

"Na yi mafarki ina cin funkaso. Da zafinsa, mai yana bin hannuna."

Kawu ya jingine hauya ya durƙusa. "Inna, in an yi za ki ci?"

"In an yi irin na mafarkin."

A wurinmu funkaso ba abincin kullum ba ne, don alkama ba ta fita a Damargu. Gero muke da shi, wanda har Abzinawa suke saukowa nema da raƙumansu bayan girbi. A cikinsu akwai abokin Kawu, dogon mutum mai magana ƙasa-ƙasa cikin rawani, wanda duk shekara yake kawo mana tsarabar alkama tiya guda daga lambunan duwatsunsu. Tiya guda, sai kuma baɗi. Kaka takan zuba ta a ɗan tulu ta liƙe bakin da laka, sai da salla ko in babban baƙo ya zo. Ran nan Kawu da kansa ya fasa liƙin.

Matar Kawu, wadda nake kira Iya, ta ce in ta dawo daga gona za ta niƙa. Na ce haba, ni me nake yi a gidan? Ai na sha ganin ana yi. Ta dube ni, ta dubi rana tana ɗagowa, ta ce, "To, niƙa rabi. Ƙwaryar funkaso tana can rataye a madafa, a ciki za ki kwaɓa." Iyakar abin da ta faɗa ke nan, don a ganinta babu mahaluƙin da ke buƙatar a ƙara masa bayani.

Na sauko da ƙwaryar. Baƙa ce wuluk ta waje, gyartai ya ɗinke ta wuri biyu, cikinta kuwa ɓawon tsohon kwaɓi ne ya bushe, wani bisa wani, yana tashin tsami. Na yatsine fuska. A lakwal malamarmu, wadda muke ce wa madam, ta zana mana mikirob a allo, 'yan ƙwari masu ƙafafu waɗanda ido ba ya gani, ta ce a cikin dattin kwanuka suke kwana, su ne ke kashe mutanen ƙauye. Na ce a raina, ashe! Ga abin da ya kwantar da tsohuwa, duk gidan ba wanda ya gane sai ni. Na ɗauko guntun sabulun da na zo da shi daga Damagaram, na zauna bayan rumbu, na jiƙa ta, na kankare da wuƙa, na dirje da yashi, na bi da toka. Sai da cikinta ya koma kamar yau aka fafe ta. Wallahi har waƙa nake yi.

Na wanke alkama na shanya ta sha iska, na durƙusa gaban dutsen niƙa har gwiwoyina suka mutu. Na tankaɗe, na kwaɓa da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, na rufe da faifai, na ajiye ya kwana. Da safe na buɗe da zumuɗi. Yadda na bar shi haka na same shi, kwance a gindin ƙwarya kamar laka. Matar Kawu ta zo ta leƙa, amma ba kwaɓin ta kalla ba, jikin ƙwaryar ta kalla. Ta ɗora hannu biyu a ka ta yi salati.

"Ke! Wa ya ce ki wanke ta?"

"Datti ne fa, Iya."

"Datti? Ran funkason kika kankare kika zuba wa kaji!"

Ta zauna bisa turmi ta yi mini bayanin da kowace 'yar ƙauye ta sani tun tana goye. Duk ranar da aka yi funkaso ba a kwashe kwaɓin duka, ana barin na jikin ƙwarya ya bushe a wurin. Shi ne in ya ji ruwan ɗumi yake farkawa ya tayar da sabo. Na wannan ƙwarya daga ƙwaryar uwar Kaka ya fito, ita ma daga ta uwarta. In 'ya za ta ɗakin miji, uwa takan lakato daga tata ta shafa a cikin sabuwar ƙwaryar 'yar, ta tafi da shi. Shekaru da yawa bayan haka, a wani aji, aka koya mana cewa abin da ke tayar da kwaɓi shi ma ɗan ƙaramin rai ne da ido ba ya gani, dangin waɗanda madam ta zana. Na yi ta dariya ni kaɗai har malamin ya tambaye ni ko lafiya.

Muka soya shi haka nan, don ba a zubar da alkama. Ya sha mai ya ƙi tasowa, ya fito da tauri, in ka jefi kare da shi sai ya yi kuka. Na kai wa Kaka biyu a faifai. Ta ɗauki ɗaya ta shinshina, ko baki ba ta kai ba. Ta ce a kawo mata ƙwaryar. Ta sa tafin hannu a ciki, ta daɗe tana shafawa.

"Madam," ta ce, "kin iya wanki."

Da ta zage ni, ko ta jefe ni da buta, da na ji sauƙi. Matar Kawu ta ce bari ta aro tsamin masa a maƙwabta, ai shi ma yana tayar da kwaɓi. Kaka ta ce in an yi da tsamin gidan wasu, a kai wa masu gidan su ci. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Daga nan ko kunun da take ɗan kurɓa ta daina, sai ruwa. Kawu kuwa ya daina haɗa ido da ni. Saura rabin tiya a tulu, kuma kowa a gidan ya san in tsohuwa ta ci gaba a haka ba za ta ga girbi ba.

Washegari da azahar aka yi ruwa, irin mai sauka a hankali babu iska. Ina zaune a ɗakin Kaka, tana barci, ta ba kusurwa baya kamar kullum. Ɗakin ya yi duhu-duhu, ruwa yana ɗiga daga bakin jinka cikin wani tsohon kasko, ɗis, ɗis, ni ma barci ya fara fizgata. Tsakanin barci da ido biyu na ga uwata durƙushe gaban murhu a gidanmu na da, da ɗaurin ƙirji, tana jefa wani ɗan ƙaramin kwaɓi a gefen mai, nawa, wanda ba ta yi wa huda. Ban ga fuskarta ba, da ma fuskar ta fara ɓace mini. Hannunta na gani, da ƙwarya a gefenta. Na farka idona yana kan ragaya. In uwa tana shafa wa 'yarta ranar da za ta ɗakin miji, to Kaka ta shafa wa uwata.

Na taka kujera na fara sauke ƙoren ɗaya bayan ɗaya, ina jiran muryar Kaka ta tsaga ɗakin. Ta ukun ce ƙwaryar funkasonta. An rufe ta da faifai an ɗaure da tsumma, ƙulli biyu, irin wanda Kaka take yi wa bakin komai. Na mayar da sauran, na rufe ta da gefen zanena, na ratsa ruwa zuwa madafa na kwance.

Ɓawon yana nan, ya bushe ƙayau. A jikinsa kuwa ga sawun yatsu huɗu, sun taso daga gindin ƙwarya zuwa baki, inda uwata ta kwashi kwaɓinta na ƙarshe. Na sa yatsuna a ciki. Saura kaɗan su cike gurbin. Na zauna daɓas a wurin, ruwa yana sauka, na yi kukan da ban yi ba tun ina 'yar shekara tara. Da na share ido na gane abin da ke gabana. In na zuba ruwa sawun nan zai narke, kuma ba ni da wani abu a duniya da hannunta ya bari. In ban zuba ba, Kaka ba za ta ci ba. Na daɗe riƙe da moɗa. Sannan na ce bismilla na zuba.

Na niƙa tafi guda daga sauran alkamar na barbaɗa a ciki, na juya, na rufe, na tura bayan tukwane kusa da murhu inda akwai ɗumi. Matar Kawu ta gano da yamma.

"Shekara huɗu? Ai ya mutu, 'yar nan. Kuma in tsohuwa ta ji kin taɓa ragayar nan, ni ba ni ciki."

Ta faɗi haka, amma ita ta durƙusa da gajiyar gona a jikinta ta niƙe mini sauran alkamar.

Kwana ɗaya ba abin da ya motsa. Na buɗe ya fi sau goma, har matar Kawu ta ce in ƙyale shi, wanda ya yi barcin shekara huɗu ba leƙena zai tashe shi ba. Kaka ta kurɓi ruwa, ta tambaye ni ko a lakwal an koya mana wankan gawa, tun da na iya wanki. Na ce ba mu kai nan ba tukuna. Ta ce to in yi sauri in kai. Na fita na tsaya bayan ɗaki ina kallon shamuwa, don kada ta ga idona.

Rana ta biyu da sassafe na ɗaga faifai, sai na ga 'yan idanu sun fito a saman kwaɓin, ƙanana, ɗaya ya fashe ina kallo. Ƙamshin ya bugi hancina, tsami mai sanyi, na gidanmu na da ranar salla. Na juye sauran garin duka na kwaɓa, ban rage ko na shafa a ido ba. Kafin azahar ya taso har ya ɗaga faifai.

Wata Bafulatana da garkensu ya ya da zango kusa da mu, a kan hanyarsu ta zuwa Tenhya, ta kawo sabon man shanu da safen. Na ɗora kasko, man ya narke ya fara ƙamshi. Na yi ta bugun kwaɓin da hannu har ya yi danƙo, yana bin yatsu yana komawa. Na tsoma hannu a ruwa, na ɗebo, na baje a tafi, na huda tsakiya da babban yatsa, na sake shi ta gefen kasko. Ya nutse. Sai ga shi ya taso sama ya kumbura, bakinsa ya fara ja, na sa tsinke na juya shi. Na farko ya karkace, na biyu ya ƙone ta gefe, daga na uku hannuna ya gane hanya da kansa. Rana tana ratsa ramukan zana tana sauka cikin hayaƙi, gidan shiru, ba ka jin komai sai sautin mai.

"Madam!"

Muryar da ta yi kwana uku ba ta wuce ƙofar ɗaki ba, ga ta har madafa.

"Tsamin gidan wa kuka aro?"

"Ba na gidan kowa ba ne, Kaka."

"Kawo in gani."

Na kai mata uku. Na tayar da ita zaune na jingina ta da bango. Ta ɓalli ɗaya ta dubi cikinsa mai ramuka-ramuka, tururi yana fita, ta kai baki. Ta tauna a hankali da 'yan haƙoran da suka rage mata, ido a rufe, mai yana bin hannunta har gwiwa. Ta cinye shi tas. Sannan ta juya kai, abin da ban taɓa ganin ta yi ba, ta dubi ragaya. Ta bi ƙoren da ido daga sama zuwa ƙasa. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai sauko mini.

"Ɗauko ta," ta ce. "Ki haɗo da wadda kika wanke."

Na kawo su duka biyu. Ta ɗora ta uwata a cinya ta leƙa ciki. Na ce, "Kaka, da akwai sawun yatsunta a ciki. Na zuba ruwa ya narke."

"Na san da shi. Wa kike tsammani ya ɗaure bakin?"

Ta kama wuyan hannuna ta tsoma yatsuna cikin sauran kwaɓin, ta ja su daga gindi zuwa baki, ta kai hannun nawa cikin farar ƙwaryarta ta shafe jikinta da shi, ta zagaya sau biyu.

"Wannan ba a wankewa. Ko madam ɗinku ce ta zo da kanta."

Na ce to. Ta sake ɗaga ƙwaryar uwata ta shinshina.

"Kullum sai ta bar shi ya zarce tsami. Na yi faɗa har na gaji, ba ta ji."

Ba ni take kallo ba, ƙofa take kallo, inda rana ta kwanta bisa jiƙaƙƙen yashin tsakar gida. Sai ta kira sunan uwata. Ba da ƙarfi ba, yadda ake kiran wadda ke nan bayan zana tana shara. Ta jira kaɗan ta sake kira. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba, na ce, "Na'am."

Ta juyo ta dube ni, hawaye yana bin fuskarta, ba ta share ba. Ta turo mini faifai da ɗan yatsa.

"To ƙaro mini. Waɗannan sun huce."